Tayoyi Masu Sanƙo

Duk Lahadin da na shiga gidan abincin nan na unguwar Xiaobei sai na tarar da samarinmu sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon tseren babura, suna ihu kamar su ne a kan babur ɗin. Kwanan baya na ji ɗayansu yana cewa, "Ai Baba Sabi'u ya huta. Aikinsa busa iska kawai, ya sha shayin 'yan China, ya kalli tsere kyauta." Ban tanka masa ba, don a lokacin akwai tuwo a bakina, kuma ba kullum ake dacewa da tuwon kirki a Guangzhou ba. To ga amsar nan a rubuce, tunda na lura abin da ya shigo ta waya kaɗai kuke saurara.

Iskar nan da kuka raina ita ce ke riƙe da ran mai babur. Akwai wani saurayi a Maraɗi, sunansa Laminu, wanda ubansa ya kai wa tayoyin tsere tsaraba daga wurin aikina, kuma tun ranar da tayoyin nan suka hau jirgi hankalina bai ƙara kwanciya a kansa ba. Labarinsa nake so ku ji, amma ba za ku gane shi ba sai kun san aikin tukuna.

A Ƙofar Ruwa ta Kano na koyi faci, a hannun Malam Ado, Allah ya jiƙansa. Kayan aikinmu liba biyu ne, da guduma, da gwangwanin sholisho, da bahon ruwa baƙi ƙirin da muke nutsa tub a ciki mu ga inda yake kumfa, sai injin iska wanda ba ya tashi sai an lallashe shi. Muna da geji na awon iska, amma a jikin ƙusa yake rataye, allurarsa ta daɗe da mutuwa. Malam Ado da babban yatsa yake awo. Ya danna, ya ƙwanƙwasa da liba, ya kasa kunne. Idan taya ta amsa da ƙara mai kauri, aiki ya yi. 'Yan acaba kuma haka suke so, don mutum zai ɗora fasinja biyu da buhun masara a baya. Kana cikin busawa yana cewa, "Ƙara, ƙara, yau kasuwar Dawanau na nufa." A wurinmu taya mai laushi abin kunya ce ga mai faci, da wannan aƙidar na girma har na fara furfura.

Alhaji Idi, mahaifin Laminu, shi ya kawo ni China. Ɗan kasuwar Maraɗi ne mai sayar da kayan babur, da farko a Kano yake sari, a nan muka saba. Ya lura ina gane robar kirki da farce da hanci, sai da ya fara zuwa Guangzhou da kansa ya ce in biyo shi in riƙa duba masa kaya. Aikina in shiga shago ko ma'aikata, in murɗa taya, in leƙa cikinta, in tabbatar lambar da aka buga a gefenta ita ce girmanta na gaskiya, sannan in bi kayan har tashar jiragen ruwa ta Huangpu in ga an rufe kwantena a kan idona. Alhaji mutum ne mai hannu a sake da taurin kai daidai gwargwado. Bai taɓa komawa gida ba tare da tsarabar kowa ba, har mai gadin shagonsa.

Cikin masu sayar mana da taya akwai wani da muke kira Lawban Wu. Lawban dai maigida ke nan a bakinsu. Wata rana injin cire tayarsa ya lalace ga kwastoma yana jira, sai na karɓi liba na cire masa tayar da hannu ba tare da na karce rim ba. Ya tsaya yana kallona. Ashe yana da 'yar ƙungiyar masu tseren babur da ke zuwa wani fili a bayan gari duk ƙarshen mako, kuma yana neman mai hannu. Haka na shiga wannan aikin, da girmana, ina ganin ai taya taya ce.

Ranar farko ya miƙo min tayar baya, faɗinta ya kusa tafin hannuna biyu, sumul, babu zane ko ɗaya a jikinta. Na juya ta na ce masa wannan ai ta gama yawo, a Kano ko mai kura ba zai karɓe ta ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce sabuwa ce, haka ake yin ta. Na sa ta a rim, na busa mata iska irin ta Malam Ado, na danna, na ƙwanƙwasa, na ji ta amsa yadda nake so. Lawban ya ɗora geji, fuskarsa ta canza. "Ya yi yawa, aboki, ya yi yawa!" Ya danne bawul, iska ta yi ta fita, ta yi ta fita, ni kuwa ina tsaye raina yana ɓaci, ina ganin ana ɓarnar aiki mai kyau. Da ya gama na danna tayar na ji ta lotsa a ƙarƙashin yatsana. Ya ce yanzu ne ta zama taya.

Ga abin da na ɗauki lokaci kafin ya shiga kaina. Tayar tsere ba da zane take riƙe kwalta ba, da zafi take riƙewa. Robarta idan ta ɗauki zafi takan yi danƙo ta manne da hanya, shi ya sa kuke ganin mutum ya kwanta a kwana har gwiwarsa na sharar ƙasa bai faɗi ba. Kuma ba za ta ɗauki zafin ba sai tana lotsawa tana miƙewa yayin da take juyawa. Idan ka cika ta tam, ba ta lotsawa, ɗan wurin da ke taɓa kwalta ya ƙanƙance, robar ta zauna da sanyinta, santsi kawai. Idan kuma ka rage fiye da kima, ta yi zafin da ya wuce misali, babur ya riƙa rawa. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yar siririyar hanya, a kanta nake cin abinci.

Lambobin da ke gefen taya ba ado ba ne. Ta farko faɗinta ce a milimita, ta tsakiya tsayin gefenta, ta ƙarshe girman rim a inci. Manyan baburan tsere, har waɗanda kuke kallo a waya, rim ɗinsu inci goma sha bakwai ne, ta gaba faɗinta wajen ɗari da ashirin, ta baya wajen ɗari biyu. Iskar kuwa, a awon geji, ko bar biyu ba ta kaiwa, ta baya ma ta fi ta gaba ƙaranci. Ɗan acaban Kano idan ka sa masa haka sai ya ce ka zage shi. A gasar duniya har doka aka kafa ta mafi ƙarancin iskar da za a sa, da na'ura a cikin tayar tana kai rahoto, wanda ya gaza a hukunta shi. Kuma iskar ba ta tsayawa inda ka bar ta. Zafi yana ɗaga ta. Mai babur ya daɗe a bayan wani yana shan hucinsa, iskar tayar gabansa ta hau, birki ya fara yi masa gardama. Don haka abin da kake sawa da safe lissafin abin da zai zama ne idan rana ta take.

Kayan aikina yanzu geji ne mai allura da nake ajiyewa a cikin akwatinsa kamar tabarau, da ma'aunin zafi mai tsinke da ake sokawa a roba, da bargon lantarki. E, bargo. Ana lulluɓe taya da shi a jona wuta ta yi ɗumi kafin a fita, ana tattalinta kamar mai jego. Ina duban sama, ina dafa kwalta da tafin hannu, ina tambayar mahayin abin da ya ji. Kwastomominmu yawanci masu hali ne da ke neman abin da zai tsorata su ranar hutu. Akwai wani likitan haƙori, duk ranar da aka wuce shi sai ya ce taya ce. Akwai kuma wani shiru-shiru da zai shigo ya ce gaban babur yana tura shi waje a kwana, in sake masa iska ɗan tsit, abin da bai kai numfashin jariri ba, ya fita ya dawo yana ɗaga min babban yatsa. Irin wannan ranar nakan ji daɗin sana'ata.

Tayar tsere ba ta da tsawon rai. Ta yi zafi ta huce, ta yi zafi ta huce, sai robar ta mutu, gefenta ya yi wani shuɗi-shuɗi, alhali a ido tana nan da kaurinta kamar ba a taɓa ta ba. Irin waɗannan ake tarawa a bayan rumfarmu. Tun farkon zuwana na ɗauki al'adar tsaga gefen kowacce da wuƙa kafin masu kwasar shara su zo. Lawban ya tambaye ni dalili, na ce masa na san mutanena. Duk abin da yake baƙi kuma zagayayye sai ya sami hanyar shiga kwantena, a can kuma akwai masu ƙarfe mai zafi da za su zana mata zane ta koma sabuwa a idon mai saye. Ya girgiza kai ya bar ni da wuƙata.

A shekarar da ba na son tunawa, Alhaji Idi ya zo sari, ya gama da wuri, ya ce yana so ya ga wurin da nake ɓata Asabar ɗina. Na tafi da shi. Ya toshe kunnuwa, ya yi ta salati duk lokacin da babur ya wuce, ya ji daɗi ƙwarai. Da aka tashi ya zaga bayan rumfa neman wurin alwala, ya ci karo da tarin ranar, waɗanda ban riga na tsaga ba.

"Malam Sabi'u, waɗanga masu sanƙo fa, mi za a yi da su?"

"Shara ce, Alhaji."

Ya durƙusa ya karanta lambar gefen ɗaya, ya zaro waya ya kira Maraɗi. Laminu shi ne babban ɗansa, shi ke riƙe masa shago, yaro mai natsuwa wanda ba shi da wani abin shagala sai wani ƙaton babur na hannu da ya saya, irin mai rurin nan. Alhaji ya ce ya duba masa lambar ƙarshe a tayarsa. Aka ce sha bakwai.

"Ka ji ko? Tamkar don shi anka yi su."

Na ce, "Alhaji, shiga rim daban, dacewa da hanya daban. Wannan ba ta titi ba ce. Ba ta son ƙura, ba ta son ruwa, ba ta son sanyi, kuma ta riga ta mutu."

Muna cikin haka Lawban ya iso. Ya ga babban kwastomansa yana shafa taya yana murmushi, nan da nan ya zaɓo biyu mafi kyan gani, ta gaba da ta baya, ya goge su da hannun rigarsa, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Na ja shi gefe na ce ba zai yiwu ba. Ya ce, "Matsala meyo," wato babu matsala, ai mutane da yawa suna karɓa su rataye a bango ko su ɗora gilashi su yi tebur. A tunaninsa ba mai hankalin da zai hau titi da ita. Na ce masa wurinmu ba a rataye abin da zai iya juyawa. Ya ce kyauta ta riga ta fita daga hannunsa, kada in kunyata shi a gaban baƙo. Alhaji kuwa yana can yana ta godiya da bakinsu, "sheshe, sheshe, Lawban," ya rungume tayoyinsa.

A mota na sake tayar da maganar, har muka iso kasuwar Tianxiu ban yi shiru ba. Alhaji ya gaji ya juyo.

"Kai Bakano, rowa ce ko mi? Abin da za a zubas ka hana ɗanka?"

"Don ɗana ne nake hanawa."

Sai ya sassauta murya. "Kowace tahiya ina kai ma uwayensu atamfa, ƙannenshi agogo da takalma. Shi ko bai taɓa roƙona komi ba, ban san mi zan kai mashi ba. Yau na ga abin da za ya sa shi dariya, kai kuma kana son ka ƙwace."

 Bai ma bari tayoyin sun shiga kwantena ba, ya sa aka naɗe su da leda ya haɗa da jakunkunansa na jirgi. Abin da na iya yi shi ne na sayi geji mai kyau na cusa a cikin kayan, na karɓi lambar wayar yaron.

Laminu ya ɗauki wayata da ladabi, yana ce min Kawu. Na ce ya rataye su a shago mutane su riƙa kallo. Ya ce to. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ta bidiyo, ga tayoyi a jikin babur, ga shi yana dariya har kunne. Raina ya ɓaci, na yi masa faɗa sosai, ya sunkuyar da kai yana saurara, amma na ga alama ba zai cire ba. Tunda haka ne na koma koyarwa. Na ce kada ya shiga gari da su, kada ya hau idan hadari ya haɗu, ya bari sai rana ta gasa kwalta, ya fara a hankali har robar ta yi ɗumi kafin ya kwanta a kwana. Na faɗa masa iskar gaba da ta baya, na sa ya maimaita. Na ce, fiye da komai, kada ya bar kowa ya ƙara musu iska.

Yaron yana da kai, wallahi ya fi wasu da na gani a filin tsere. Yakan fita sabuwar kwaltar bayan gari da rana tsaka, ya aiko min hoton geji kafin ya hau da bayan ya sauka, ya tambaye ni me ya sa allurar ta ɗaga. Har ya fara gane robar da farce. Yana ba ni labari yana dariya cewa duk mai facin da ya wuce sai ya ɗaga masa hannu yana ihu, "Tayarka ta sace!" Ni ban yi dariya ba. Duk hoton da ya shigo sai gabana ya faɗi kafin in buɗe, kuma kowane lokaci ina ce masa ya isa haka, ya mayar da tsofaffin tayoyinsa. Ya yi min alkawarin zai mayar kafin damina.

Kafin daminar aka sa bikin amininsa. A Maraɗi, kamar wurinmu, samari kan raka ango da babura bayan ɗaurin aure, a zaga gari ana hon. Ango ya ce lallai Laminu ne a gaba, kuma da tayoyin China, don duk gari an san da su. Abin da ya biyo baya daga bakin Alhaji na ji shi, daga baya can.

Laminu ya auna iskarsa a gida, daidai. Ya sa shaddarsa, ya bar geji a aljihun kayan da ya cire. Ya tuƙa a hankali zuwa masallaci, ya kafe babur a inuwar wata bishiya kusa da rumfar wani tsohon mai faci, Malam Tanko, wanda ya san shi tun yana hawan keke. Aka shiga ɗaurin aure. Tsoho yana zaune yana kallon babur, ya ga tayar baya ta ɗan baje a ƙasa. Ya tashi ya danna, ta lotsa. Ya danna ta gaba, ita ma haka. Ɗan Alhaji Idi guda, zai ja ayarin ango a gaban jama'a da tayoyi a sace, kuma a gaban rumfarsa? Ya tayar da injinsa ya cika su tam, ya ƙwanƙwasa ya ji sun amsa, ya koma ya zauna. Bai nemi ko sisi ba, bai ma ga abin faɗa a ciki ba. Alheri ya yi.

Aka fito, ana ta hayaniya, abokai suna kiran Laminu ya yi sauri. Tayoyin sun daɗe a inuwa sun huce sarai. Ya hau, ya ja ayari, babura suna ruri a bayansa. A shataletalen farko ya kwantar da babur yadda ya saba, tayar gaba ta tafi ta bar shi. Bayansa ne ya daki bakin siminti.

Ina durƙushe ina lulluɓa wa taya bargo ƙanin Alhaji ya kira ni. Ya ce Laminu yana da rai, amma likitoci sun ce daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya ji. Na ƙarasa ɗaure bargon, don mahayin yana tsaye a kaina yana jira, na auna masa iskarsa, ya fita. Sannan na zaga bayan rumfa na zauna a ƙasa. Baƙin cikin ranar ban taɓa jin irinsa ba, kuma har yau bai gama sakina ba.

Ba a daɗe ba annoba ta zo, aka rufe hanyoyi. Filin tsere ya rufe, Tianxiu ta koma kamar an yi shara, shagunan mutanenmu da kwado a ƙofa. Babu sari, babu kwantena, babu mai zuwa daga gida. Na zauna a ɗaki ni da akwatin geji. Ina kiran Alhaji, ya ɗauka mu gaisa, in tambayi mai jiki, ya ce da sauƙi, sai mu yi sallama. Bai taɓa ce min na faɗa masa ba, ni ma ban taɓa cewa ba. Laminu kuwa na kasa kiransa.

Da hanya ta buɗe Alhaji ya dawo. Na same shi a ƙofar Tianxiu, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Muka zauna shan shayi, a nan ya ba ni labarin Malam Tanko. Ya ce tsohon ya zo asibiti yana kuka kamar yaro, yana ta maimaitawa, "Na ga ta yi laushi ne, Alhaji, na ga ta yi laushi ne." Alhaji ya ce tun daga ranar tsohon ya rufe rumfarsa. Na so in ji haushin tsohon nan, na kasa. Da ni ne a ƙarƙashin bishiyar nan a zamanin da nake Ƙofar Ruwa, abin da zan yi ke nan, har in koma gida ina jin na kyauta.

Na ɗauka daga nan wurin masu taya za mu, kamar kullum. Alhaji ya ce a'a, akwai inda zan raka shi tukuna. Muka hau tasi zuwa wata kasuwa da ban taɓa shiga ba, ta kayan asibiti. Ya wuce gadaje da sanduna, ya tsaya a shagon kekunan marasa lafiya. Ya ce wanda suka samu a Maraɗi ya kwararraɓe, tayoyinsa ba sa jure hanya.

"Laminu ya ce in gaishe ka," in ji shi, idonsa a kan kekunan. "Ya ce Kawu ya san taya, shi za ya zaɓa. Kuma ka hwaɗa mashi nawa za a riƙa sa mata, ya ce geji nashi na nan."

Mai shagon, wata mata mai kuzari, ta jawo mana wani mai kyau, tayoyinsa na iska da bawul irin na keke. Ta ce shi ne ya fi taushi, mai zama ba zai ji gargada ba. Gaskiya ta faɗa. Na durƙusa na duba shi, robar mai kyau ce, rim ɗin ma ba laifi. Sai na tuna cewa za a riƙa tura keken nan a titunan Maraɗi, a wuce rumfunan masu faci, kuma duk cikinsu babu wanda zai ga ɗan Alhaji a keke bai so ya kyauta masa ba.

Na tashi na zaga bayan shagon, na samo wani mai tayoyin roba zalla, curarriya, babu tub babu bawul. Matar ta ce wannan ya fi tauri, zai riƙa jijjiga shi a hanya mara kyau. Na ce na sani, a naɗe mana shi.

Alhaji ya sunkuya ya danna tayar da babban yatsa, ya laluba zagayen rim ɗin yana neman bawul bai samu ba. Ya ɗago ya dube ni.

"To iska nawa zan ce mashi?"

Na ce, "Wannan ba ta shan iska, Alhaji. Ba wanda zai ƙara mata."

Ya daɗe a sunkuye, hannunsa a kan tayar. Da aka sa keken a kwali ya kama gefe ɗaya, na kama ɗayan, muka fito da shi bakin titi neman tasi.